Wace manhaja ce za ta hana kaya mutuwa a sito?

Tambaya: Ina da sito biyu na kayan masarufi a Kaduna, ɗaya a Kakuri, ɗaya kusa da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Muna sayar da madara, taliya, tumatirin gwangwani, man girki da lemo a kan sari. Bayan sallah da muka kwashe kaya, sai muka iske katan-katan na madara da lemo a ƙurya wa'adinsu ya wuce, ga shi abin da ke littafi bai yi daidai da abin da ke ƙasa ba. Yarana sun ce in sa manhaja a kwamfuta. Wacce zan sa?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Yaran naka sun yi gaskiya, sito biyu da kaya masu wa'adi sun fi ƙarfin littafi da biro. Amma kafin ka miƙa wa kowa kuɗinka, ka riƙe wannan: manhajar da za ta yi maka maganin irin wannan asara ita ce wadda ta san kaya rukuni-rukuni, wato kayan da kamfani ya yi a zubi ɗaya masu lamba ɗaya da wa'adi ɗaya. Idan ka tambaye ta madara, kada ta tsaya a katan 600. Ta gaya maka 250 masu lambar rukuni kaza ne, wa'adinsu Agusta, suna layi na uku a Kakuri, sauran 350 sai Disamba, suna sitonka na kasuwa. Da yawa daga cikin manhajojin da ake yawo da su shago-shago na buga rasit ne da tara cinikin yini. Suna da amfaninsu, sai dai jimilla kawai suka sani, jimilla kuwa ba ta nuna wane katan ne ke gab da mutuwa.

A cikin kowace manhaja ta sito za ka ci karo da FIFO da FEFO. Na farko yana nufin abin da ya riga shiga shi zai riga fita. Na biyu, abin da wa'adinsa zai riga cika shi zai riga fita. Mutane suna ɗaukarsu abu ɗaya, kuma a nan kuɗi ke zuba. A ce a watan Janairu ka sauke madara daga kamfani, sabuwar fita, wa'adinta Disamba. A watan Maris wani dila ya yi maka ragi ka ɗauki wata, alhali ta daɗe a hannunsa, wa'adinta Agusta. Idan tsarin shiga kake bi, ta Janairu za ka fara fitarwa, ta Maris tana zaune tana cin kwanakinta. Duk kayan da aka buga wa ranar wa'adi, FEFO ne nasu. FIFO ya ishi sabulu da ashana da makamantansu.

Ga wani tarko da ya kamata ka sani tun yanzu. Mai tallar manhaja zai ce maka ai tasu tana yin FIFO, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai sau da yawa FIFO na akanta yake nufi: idan ka sayar da katan, manhajar za ta lissafa ribarka da farashin sarin da ya fi daɗewa. QuickBooks Online haka take yi. Wannan lissafin kuɗi ne a takarda, bai san wane katan ɗan dako ya ɗauka ya sa a mota ba. Kana iya samun littafin kuɗi tsaf, tsohon kaya na nan a ƙurya.

Tunda mun taɓo farashi, bari in ƙara maka wannan. Daga 2023, da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, an sha ganin farashin sari ya canja tsakanin tirela da tirela. A irin wannan yanayi lissafin FIFO yana nuna riba mai kauri, don yana auna cinikin yau da sarin watannin baya. Wanda ya ci wannan riba duka, ranar komawa sari zai ga kuɗin ba su kawo katan ɗin da ya sayar ba. Saboda haka ka sa a nuna maka farashin sari na ƙarshe kusa da kowane kaya, da shi za ka yanka farashin sayarwa. Akwai LIFO kuma, mai lissafi da sarin ƙarshe, amma ƙa'idojin lissafi na duniya da Najeriya ta fara bi daga 2012 ba su yarda da shi ba, don haka ka bar shi inda ka gan shi.

To, sunaye. Odoo ta wani kamfani ce a Beljiyam. Tana da nau'in kyauta da na biya, tana riƙe lambar rukuni da ranar wa'adi, kuma ana saita ta ta fitar da kaya bisa FEFO, ko ga wani nau'in kaya ko ga wani ɓangaren sito. Sai dai sashenta na karanta bakod, wato zanen layi-layin nan na jikin kaya, da waya ko sikana yana cikin na biya. ERPNext daga Indiya take, kyauta ce gaba ɗayanta, ita ma tana da rukuni da wa'adi da sito fiye da ɗaya, da rahoton da ke jera maka kayan da kwanansu ya ƙarato. Kyautar nan kuwa ta lasisi ce kawai. Wanda zai ɗora ta, ya saita, ya koya wa yara, da inda za a ajiye bayanan, duk kuɗi ne. Zoho Inventory a intanet take zaune, ana biya wata-wata ko shekara-shekara, tana da sauƙin koyo, amma bin rukuni yana cikin matakan biya. Tally, wadda akantoci da yawa suka saba da ita, a kwamfutar ofis ake ɗora ta, tana aiki ko babu intanet, kuma tana karɓar rukuni da ranar yi da ranar wa'adi. Sage 50, wadda har yanzu wasu ke kira Peachtree, da QuickBooks, ƙarfinsu a littafin kuɗi yake. SAP Business One da Microsoft Dynamics suna yin duk abin da ka nema har da ƙari, amma kuɗinsu da hidimarsu sun yi wa sito biyu yawa.

Da ni ne a matsayinka, tsakanin ERPNext da Odoo zan zaɓa, saboda kana bukatar sito biyun su riƙa ganin juna, kai ma ka duba daga wayarka. Abin da zai raba mini gardama tsakaninsu shi ne wa zan samu a cikin garin Kaduna da ya iya ta, wanda idan ta tsaya ranar Litinin da safe motoci na layi zai zo kafin azahar. Manhaja mai kyau da gwaninta ke Legas ba ya ɗaga waya, gara mai dama-dama da gwaninta ke Tudun Wada. Haka nan kada ka raina wadda matasanmu suka rubuta da hannunsu, in dai ta ci jarrabawar da zan faɗa maka a ƙasa.

Sauran aikin, wanda ya fi zaɓen suna nauyi, a bakin ƙofa yake da kuma daɓen sito.

Manhaja ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata lokacin sauke kaya. Mota ta tsaya, direba na sauri, 'yan dako na jira, sitokifa ya ƙirga katan ya sa hannu a wayabil, ya ce lambar rukuni da wa'adi sai anjima. Anjiman nan ba ta zuwa. Daga ranar, FEFO ya mutu a kan wannan kaya ko da manhajar miliyan nawa ce. Dokar da za ka kafa ita ce, ba a ɗaga katan daga bakin ƙofa zuwa ciki sai an shigar da abu huɗu: wane kaya, guda nawa, lambar rukuni, ranar wa'adi. A saita manhajar ta ƙi karɓar shigarwa idan gurbin wa'adi babu komai. Kuma a duba katan daga gaba da tsakiya da ƙarshen mota, don mota ɗaya kan zo da rukuni biyu ko uku a cakuɗe. Ba wahala ba ce samun waɗannan lambobi, tunda NAFDAC ta wajabta buga su a jikin kayan abinci da magani.

Kada kuma a ruɗe ka da sikana. Zanen layi-layin nan da ke bayan gwangwani, mai lamba 13, wanda na kamfanonin da suka yi rajista a Najeriya ke farawa da 615, sunan kaya kawai yake ɗauke da shi. Madarar Agusta da ta Disamba zane ɗaya gare su. Akwai wani ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige da ake bugawa a kwalin magani, wanda ke ɗauke da rukuni da wa'adi a cikinsa, amma a kayan masarufi ba kasafai za ka gan shi ba. Don haka ko ka sayi sikana, ranar wa'adi da hannu za a shigar. Abin da sikana za ta yi maka shi ne idan manhajar ta buga muku takardar liƙawa ta kanku, mai ɗauke da rukuni, aka manna a jikin kowane jibgi. A lura da rubutun kwanan wata ma: kayan Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/10/26 na iya zama 3 ga Oktoba, na iya zama 10 ga Maris.

Sai daɓe. Ka tsaya wata rana ka kalli yadda ake lodi. Ɗan dako a kan katan ake biyansa, ba zai haƙa bayan jibgi ya zaƙulo tsoho ba alhali ga sabo a bakin ƙofa, kuma ba laifinsa ba ne. Haka kayanka suka kwana a ƙurya: kowace sabuwar mota an jibge ta a gaban tsohuwa. Gyaran ba tsada. A ja layi da fenti a ƙasa, kowane layi da harafinsa, kowane gurbi da lambarsa, A1, A2, B1, a shigar da waɗannan sunaye cikin manhaja. Rukuni ɗaya, jibgi ɗaya, ba a ɗora sabo a kan tsoho. A bar hanya ta yadda za a iya kai wa kowane jibgi hannu ba sai an ture wani ba. Sannan takardar fitar da kaya da manhajar za ta buga ta ce katan 30 daga B4, sitokifa ya tsaya a kan B4 ɗin. Na san za ka ce hanyoyin nan sun cinye wurin kaya, haya kuma da tsada. Gaskiya ne, za ka rasa wuri. Ka auna shi da kuɗin katan ɗin da suka mutu.

Ranar da aka buga a katan kuma da sharaɗinta, wato an ajiye kayan yadda ya kamata. Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano, da laimar Agusta da ke tasowa daga siminti, suna kashe kaya kafin ranarsu: gwangwani ya yi tsatsa, katan ya jiƙe ya zube, taliya ta yi ƙwari. Ƙa'idar da ake bi a sito-siton magani ta dace da kai: a ɗora kaya a kan katako, aƙalla santimita 10 daga ƙasa, santimita 30 daga bango, tsayin jibgi kada ya wuce mita biyu da rabi.

Yanzu ga inda manhaja ta fi kowane sitokifa, komai ƙwazonsa. Ba ranar wa'adi ce ranar da kaya ke mutuwa a hannun mai sari ba. Mai shagon da zai ɗauka ya kai Kachia ko Saminaka ko Birnin Gwari yana bukatar lokacin da shi ma zai sayar. A ce kana da katan 400 na lemo, saura kwana 60, kana fitar da biyar a rana. Ko da za a saya har ranar ƙarshe, 300 za su fita, 100 sun yi kwantai. Idan kuwa 'yan shago ba sa karɓar abin da ya rage masa ƙasa da wata ɗaya, kwana 30 gare ka, katan 150 ke nan, 250 na cikin haɗari tun yau. Wannan lissafin nake so manhajar ta riƙa yi maka duk mako a kan kowane rukuni. A Odoo akwai ranar gargaɗi da ranar cirewa daban da ranar wa'adi, don wannan aka yi su. Idan ka sani da saura wata uku, kana da dabara: ka yi ragi kaɗan, ka mayar da kayan sitonka na kasuwa inda ciniki ya fi gudu, ka nemi masu gidan abinci da masu biki da za su shanye a mako, ko ka yi magana da kamfani tun da sauran lokaci idan akwai yarjejeniyar mayarwa. Idan saura kwana goma ka sani, sai dai haƙuri. Wanda ya riga ya wuce kuma, a ware masa wuri daban a sito da cikin manhaja, a rubuta shi asara, kada ya koma kasuwa ta kowace hanya; NAFDAC ce ke kula da lalata irinsa.

Yawancin kwantai tun ranar sari ake sayo shi. An yi maka ragi a kan tirela guda, ka ɗauka, alhali abin da kake fitarwa ba zai cinye ta kafin wa'adi ba. Manhaja tana da gurbin da ake sa iyakar da idan kaya ya sauko ta za ta ce a yi oda. Lissafin ba wuya: idan kana fitar da katan 40 na taliya a rana, mota kuma na ɗaukar mako guda daga oda zuwa saukewa, 280 ke nan, ka ƙara kamar 120 saboda lalacewar mota ko matsalar hanya, iyakarka 400. Amma a nan sai ka sa naka sanin. Waɗannan manhajoji da kalandar Bature suke kwatanta bana da bara, azumi kuwa yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Sukari da madara da lemon da ka sayar a azumin bara ba za su faɗo a kwanakin da manhajar ke zato ba. Kirsimeti da komawar 'yan makaranta suna nan a wurinsu, azumi da sallah biyu kai za ka riƙa gyara musu iyaka da hannu.

Batun littafi da bai yi daidai da ƙasa ba, kowa sata yake fara kawowa a ransa. Tana faruwa, amma kafin a zargi yaro a duba abu uku. Na ɗaya suna: kaya ɗaya an rubuta shi da suna biyu, yau madara babba, gobe madara giram 400. Na biyu awo: an shigar da katan, an fitar da dozin ko ƙwaya, ba a gaya wa manhaja guda nawa ke cikin katan ba. Na uku, Alhaji, ka yi mini afuwa, shi ne mai gida da kansa. Waya ce za ka ɗaga ka ce a ba wane katan goma zai kawo kuɗi, ko a kai buhu biyu gida, ko a ba masallaci. Yaro ba zai ce maka sai da takarda ba. Idan kai ba ka bi ta manhaja ba, babu wanda zai bi. Ko sadaka ce a shigar da ita da sunan sadaka. Haka kayan da ke tafiya daga Kakuri zuwa kasuwa: a fitar a can, a karɓa a nan, abin da ke tsakani manhajar ta nuna yana hanya.

Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, kada a yi tarayya. Mai karɓar kaya daban da mai ikon gyara adadi. A kashe damar fitar da abin da manhaja ta ce babu, a kashe damar mayar da kwanan wata baya. Wannan ne ma ya sa Excel ba ta isa ba: tana da kyau ka fara tsara sunayen kayanka da ita, har ta rina maka layi ja idan wa'adi ya kusa, amma kowa na iya canja 50 ta koma 30 ba tare da an san wa ya taɓa ba.

Ƙirga kuma kada a jira ƙarshen shekara. Kaya kaɗan ne ke riƙe da mafi yawan jarinka, ka san su da ka. Waɗannan a ƙirga su duk mako, matsakaita duk wata, ƙananan duk wata uku, layi biyu ko uku kowace safiya kafin a buɗe. Mai ƙirga kada a nuna masa adadin da ke kwamfuta, in ba haka ba shi zai kwafo maka. Ribar ƙafa a nan ita ce ranar fitar da zakka: adadin kayanka na hannu, sai dai ka sa musu farashin kasuwa na ranar ka fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari, ba kirdado.

Wuta da intanet ba sai na gaya maka ba. Ƙaramin sola da inbata da za su riƙe kwamfuta da firinta sun isa, da layin data na kamfani biyu daban. A tanadi takardun hannu masu lamba a jere don ranar da komai ya tsaya, a shigar da su a ranar. Idan a kwamfutar ofis bayanan suke, kwafi ya riƙa fita daga ginin kullum. Kasuwanninmu sun ga gobara. Manhajar sata da ake ɗorawa a kan 'yan dubbai kuma ka guje ta, ranar da ta rufe da bayananka babu wanda za ka kama.

Kada a fara ana gobe azumi, ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, a rufe yini guda a ƙirga komai rukuni-rukuni, a fara da kaya 20 ko 30 masu wa'adi a sito ɗaya, littafi na tafiya tare da manhaja har wata guda kafin a ajiye shi.

Jarrabawar da na ce kuwa, a gabanka za a yi ta, da kayanka, ba da hotunan da mai talla ya zo da su ba. Ka sa ya shigar da madara rukuni biyu, wadda ta zo daga baya ita ce mai gajeren wa'adi, sannan ya sayar da katan goma ka ga wacce manhajar ta zaɓa da kanta. Ya gwada sayar da wadda wa'adinta ya wuce, ka ga ko za ta hana. Ya canja adadi da sunan yaron shago, sannan ya nuna maka inda aka rubuta wa ya canja da ƙarfe nawa. Ya cire intanet ka ga abin da zai faru. Daga ƙarshe ya fitar maka da duk bayanan zuwa Excel. Idan kun daidaita, a rubuta a takarda nawa ne kuɗin shekara, da naira ne ko da dala, nawa ne ƙarin mutum ɗaya ko ƙarin sito, kuma babbar kalmar sirri a hannunka za ta zauna, ba a hannun wanda ya ɗora ba.